Shagon yaron da ke mana takardun rajista da haraji a Birnin Kebbi, abin da na gani

Jama'a tunda an dame ni da tambaya wai ina na yi rajistar shagona kuma ya aikinsu yake, bari in rubuta sau guda kowa ya karanta in huta. Sunan shagon ba zan faɗa ba, don akwai inda zan ɗan taɓa su, kuma yaron ɗan mutunci ne ban son a ce Alhaji ya kwance mashi zani a kasuwa. Mai so ya same ni in kwatanta mashi. Cikin Birnin Kebbi yake, shago ne ɗan ƙarami da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, kwamfuta biyu, firinta guda mai ƙara kamar injin niƙa, benci ɗaya, sai fanka wadda sai an tura ta da biro kafin ta yarda ta juya.

Ni sana'ata albasa, Aliero nake sarowa, in kaya sun yi mu haɗa lodi da abokai mu tura kudu. Sannan ina da shagon tireda da ƙanena ke zama yana POS a ciki. To POS ɗin nan shi ya kai ni wurin yaron. In kun tuna a 2024 hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, CAC, ta ce duk mai POS sai ya yi rajista, anka sa 7 ga Yuli, daga baya anka ƙara wa'adi zuwa 5 ga Satumba. Ni kuwa irin mutanen nan ne da sai wuta ta kai gemu, sai ƙarshen Agusta na tashi. Na iske bencin cike da samarin POS kowa riƙe da takardar NIN, wasu a tsaye har bakin titi, bangon waje kuwa ba ka ganin fenti don fastocin 'yan takarar ciyaman da kansila.

Abin da ya fara burge ni, da ya gan ni ya tashi wani yaro ya ba ni wuri, ya ce Baba zauna, mi ke tafe da kai. Na faɗa mashi. Bai ce kawo kaza ba tukuna, sai ya jawo wata takarda ya raba ta biyu da layi, gefe guda ya rubuta kuɗɗin hukuma, gefe guda kuɗɗin aikin shi, ya ce na hukuma zan ba ka rasit ɗin shi ka riƙe, nawa kuwa in ka ga ya yi yawa mu yi ciniki. Wallahi shekara nawa ina biyan kuɗɗi a ƙasar nan ba wanda ya taɓa raba mani su haka. Ya karɓi NIN, hoto, ya sa na sa hannu a farar takarda ya ɗauka da waya, ya ce in kawo sunan kasuwanci biyu ko da wani ya riga ni ɗaya, kuma haka ta faru, na farkon an riga ni. Imel ma ban da shi, shi ya buɗe mani ya rubuta lambobin sirrin a bayan katin shi ya ce kar in ba kowa har ƙanen nawa.

Inda sunka ɓata mani rai: an ce mani sati guda, sai da na yi sati uku. Dalili kuwa yaron shagon shi ne, wani ɗan koyo, ya rubuta sunan mahaifina ba yadda yake a NIN ba, harafi guda tak, aikin ya dawo. Sau biyu ina hawa mota in zo a ce Baba yi haƙuri gobe, ga kuɗɗin mota yadda ya koma tun da anka cire tallafin mai a 2023. Da ya kira ni a waya ai da ban taso ba. Amma mai shagon ya amsa laifin, bai ɗora wa netwok ba kamar yadda kowa ke yi, gyaran kuma bai karɓi ko sisi ba. Satifiket ya fito, ya sa mani shi a leda, yana nan rataye sama da buhunan sukari.

Amma ba rajistar ta sa nake wannan dogon rubutu ba. Ranar da na je karɓa ina da wata jakar leda da nake tara rasit da tikiti a ciki, na kasuwa, na tasha, na hanya da direba ke kawo mani in ya dawo, da wasa na zazzage mashi ita kan teburi na ce to malamin takarda, gaya mani su wa nake ciyarwa. Yaron nan ya aje aikin shi ya zauna yana rarrabawa. Wannan na tarayya, wannan na jiha, wannan na ƙaramar hukuma. Sai ga tsibi na huɗu, na ce wannan fa, ya ce Baba wannan ba shi da uba. Kuma ya fi sauran ukun tudu. Ya ɗauko guda ya ɗaga a haske, fotokwafi ce ma, ba lamba, hatimin ya dushe ba ka iya karanta ko harafi, an rubuta kuɗɗin ci gaba, ci gaban wa, Allah masani. Wani tikitin kala biyu ne amma abu guda anka karɓa a rana guda, safe da la'asar.

Nan ya buɗo mani wata doka ta 1998 wadda ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati ke da ikon karɓa. Ƙaramar hukuma ita ke da kuɗɗin shago da rumfa, na kasuwa, na tasha, na mahauta, na allon talla, har da lasisin rediyo da talabijin, da keke da baro da amalanke da kwalekwale. Na yi dariya har da hawaye, wato rediyon da nake jin labarai da shi ma a takarda bashi ake bi na. Jiha ke da rajistar wurin kasuwanci da harajin kuɗɗin shiga na mutum. VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, na tarayya ne, wanda anka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Kuma dokar nan ta ce ƙarara ba wanda ke da ikon tare hanya don karɓar haraji. Na ce buga mani wannan shafin, ya buga, ya sa leda, na ba direba.

Kun san mi ya faru? Tafiyar farko, can hanyar kudu, sunka iske masu katako mai ƙusa, direba ya miƙa masu takardar da ƙarfin gwiwa. Ɗaya ya juya ta gaba da baya ya ce doka tana Abuja, mu nan muke. Albasa kuwa ba ta jiran shari'a, kwana guda cikin rana a rufe da tampol ta fara zufa, sai ya biya ya wuce. Don haka kar wani ya je shagon nan da tunanin takarda za ta hana a tatse shi a hanya. Abin da takarda ta yi mani shi ne cikin gari, yanzu in mutum ya zo shago da ɗan littafin shi ina tambaya wace hukuma, ina lambar rasit, kuma biyu daga cikin masu zuwa da sun daina zuwa. Wagga matsala ta hanya ai ba sabuwa ba ce, tana cikin kukan da masu safarar abinci da dabbobi sunka yi a 2021 lokacin da sunka tsayar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki.

Ni fa ba na ce kar a biya haraji ba, kar a juya mani magana. Mahaifina ya biya haraji zamanin En'e, Fulani sun biya jangali, kuma bai taɓa ce mani abin daɗi ne ba, ya ce akwai shekarar da mutane ke sayar da akuya don su fita kunya, shi ya sa ma da Abubakar Rimi da Balarabe Musa sunka soke su a Kano da Kaduna a 1979 talakawa sunka yi murna. Amma ya ce abu guda: sau ɗaya ne a shekara, ka san nawa ne, ka san mai karɓa, mai gari ne da kuke sallar Juma'a tare, in ya ci zalunci ka san ƙofar gidan shi. Ko zakka ku duba, ɗaya cikin arba'in, nisabi sananne, masu cin ta kashi takwas an ambace su, ba mai ƙara maka na tara. Yanzu kuwa kowa da riga mai ɗorawa hukuma ne. Ka tura kuɗɗi dubu 10 a cire naira 50, a 2024 har wani kashi 0.5 sunka so ɗorawa wai na tsaron intanet sai da mutane sunka yi ca anka dakatar. Gwamnati ta iya nemo ka in karɓa za ta yi, ta san lambar wayarka da ta BVN da hoton fuskarka, amma kwalbatin da ke bakin kasuwarmu damina uku ke nan yana cin tayar mota ba ta san da shi ba.

A nan ne munka yi musu da yaron, don shi ɗan boko ne yana da nashi ra'ayi. Satin da na fara zuwa shi ne satin zaɓen ƙananan hukumomi, 31 ga Agusta 2024, ya ce Baba za ka fita zaɓe? Na ce in zaɓi wa? Babbar jam'iyyar adawa ta janye, sakamako kuwa da ya fito APC ta kwashe ciyaman 21 duka da kansila 225. Kuma kar 'yan wani ɓangare su yi mani tafi, maƙwabtanmu Zamfara da sunka yi nasu a watan Nuwamba PDP ce ta kwashe 14 ɗin duka. Wanda ke riƙe da jiha shi ke cinyewa, ko wace tuta ya ɗaga. To mutumin da ba ƙuri'ata ta kai shi kujera ba, don mi zai ji tsoron ɓacin raina in ya turo a karɓi kuɗɗin rumfa? Wanda ya naɗa shi shi zai duba. Yaron ya ce ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli na shekarar cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantoma ba sai zaɓaɓɓe. Na ce na ji, hukunci mai kyau ne, amma in gwamna ba zai naɗa kantoma ba kuma hukumar zaɓen jiha a hannun jiha take, ai an canza wa tuwo suna ne. Ya ce in irinku kun zauna gida haka za a ci gaba. Ban ba shi amsa ba don akwai gaskiya a ciki, sai na ce ya yi sauri da takardata.

Na sake komawa a 2026 saboda sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, jita-jita ta cika kasuwa wai za a riƙa cire kuɗɗi a asusun kowa, har wasu sun fara kwashe nasu suna kaiwa gida. Ya zaunar da ni ya ce Baba kwantar da hankali, naira dubu 800 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kai, hukumar harajin tarayya FIRS ce anka sauya wa suna ta koma NRS, kuma NIN ɗinka ita ce lambar harajinka ba sai ka biya wani ya yi maka sabuwa ba. Ka ga nan da mai son kuɗɗi ne sai ya ce kawo a yi maka, ga layi na jira a tatsa. Bai karɓi komai ba. Shawarar da ya ba ni ita ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da na saro da abin da na sayar da kuɗɗin mota da na lebura, don ranar da anka zo a yi maganar riba ba ta jimillar abin da ya shiga asusu ba. Wannan na ɗauka. Wadda ban ɗauka ba ita ce wai in mayar da duk cinikina turansifa. Ni da na ga farkon 2023 lokacin canjin kuɗɗi, mutum da dukiyar shi a banki yana roƙon dubu biyu, manomi ya kawo albasa ba takardar kuɗɗi ya sayar da ita a wulaƙance, a'a, wani abu dai zai kwana a aljihuna.

Sauran ƙorafi kaɗan ne. Farashin aikin shi ya hau sosai daga 2024 zuwa yanzu, ya ce takarda da tawada da data ne, na yarda rabi. Fotokwafin NIN na mutane zube kan teburi kowa na gani, na ce mashi ya nemi akwati mai makulli, ranar da na koma na ga ya sa su cikin kwali, to an fara. Mata ba su da wurin zama, sai su tsaya waje cikin rana ko su aiko yaro, wannan bai dace ba ko labule ne a sa da benci guda.

In za ka je tafi da NIN, hoto, suna biyu, da wayar da ke da layin da ka yi NIN da shi, kuma ka tsaya a kan ɗan koyon nan ya karanta maka sunanka harafi-harafi kafin ya tura. Ka je da hantsi, don sola gare su, in la'asar ta yi batir ya fara kuka firintar ba ta tashi sai gobe.