Saukar da giyabos a Ingila: kaya na da araha, hannu ne ke da tsada

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da yaran gareji. Ka tambaye ni a waya ko da gaske ne Turawa ba sa gyara, sai dai su jefar su sayi sabo. To ga abin da na gani da idona a kan motata.

Motar Mazda MX-5 ce, ƙirar farko da ta fito a 1989, mai kujera biyu da rufin tanti, wadda fitilunta ke ɗagowa sama idan an kunna. Injin 1.6 ne, giya biyar na hannu, ƙafafun baya ke ja. A gida da dariya za a yi mini, motar da ko buhun masara ba ta ɗauka, amma nan tsofaffinta suna da masoya har da ƙungiyoyi. Kulocinta ne ya ƙare. Ka san alamar: ka taka totur a hawa, inji na ihu, mota na jan ƙafa, ga ƙauri kamar ana ƙona takalmi.

Na leƙa wani gareji a unguwarmu nan Birmingham. Ba a kai mota a ce "Oga duba mini yanzu". Rana ake ba ka, sannan a rubuto maka farashi a takarda: kaya kaza, awannin aiki kaza, a ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kai. Babu tayi, babu albarka, babu "don Allah a rage". Kuɗin hannu ya fi kuɗin kayan nesa ba kusa ba, domin da awa ake biyan bakanike. Wannan ne asalin maganar da ka ji. Ba iyawa ce ba su yi ba. Idan mutum ya zauna yana buga wa tsohon farantin kuloci sabon layinin kamar yadda ake yi a wajenmu, kuɗin zamansa zai wuce na sabon faranti.

Sai na ce ai ni ma a gabanka na tashi. Akwai wuraren da ake ba da hayar na'urar ɗaga mota da awa, da akwatin sifana da komai, kai ne za ka yi aikinka. Can na nufa.

Wajen sayen kaya kuwa dole in yaba musu. Lambar mota kawai za ka rubuta a shafin masu sayarwa, ya fito maka da abin da ya dace da ita, don farantin 1.6 da na 1.8 ba girmansu ɗaya ba. Saiti guda ake sayarwa: faranti, murfin da ke matse shi, da boris. Na Exedy na ɗauka, kamfanin Japan, aka kawo har ƙofar gida da rasit da garanti. Sai na tuna yadda kake aika ni kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon faranti a leda, ina bi shago-shago ana gwadawa, wannan ya ce orijina ne, wancan ya rantse ɗan Beljiyam ne, sai an ɗaura kafin a san gaskiya.

Aikin kansa ba baƙonka ba ne. Batir a but yake, shi na fara cirewa. Na kwance sandar giya ta ciki, na tsiyaye man giyabos, don in ka zare farfela, sandar da ke kai juyi ƙafafun baya, da mai a ciki wanka za ka sha. Salansa ta sauka, na yi wa farfela alama kafin in cire ta, sai kik mai tada inji, sai ƙaramar silindar kuloci na rataye ta gefe ba tare da na kwance bututunta ba. Abin da ba ka saba gani a Fijo 504 ba shi ne wani dogon ƙarfen alminiyam da ya haɗa giyabos da difiranshal na baya. Sai an kwance shi giyabos ke motsi, kuma wajen mayarwa sai an daidaita tsayinsa.

Inda na ji jiki shi ne tsatsa. Gishiri suke watsa wa titi lokacin sanyi saboda ƙanƙara, shi kuma yana cin ƙarƙashin mota. Notin salansa da ya shekara talatin yana shan ruwan gishiri ba ya jin lallashi, sai an jiƙa shi da mai an gasa shi da wuta. Motocinmu na Kano ƙura da rana ke wahalar da su, amma ƙasansu tas yake. Wallahi wannan ni'ima ce da ba mu san muna da ita ba. Notocin sama na bakin giyabos ma ido ba ya ganin su, sai an jona dogayen sanduna ana lalube daga baya.

Da giyabos ta saki, ba ta kai buhun siminti nauyi ba, amma ni kaɗai ne a ƙarƙashi, ni da jak. A garejinka da yara uku sun tallabe ta, ɗaya na kawo shayi. Nan kowa agogo yake kallo, ni ma haka, tunda kowace awa kuɗi ce.

Farantin ya cinye har kan ƙusoshi. Fulawil, faifan inji da farantin ke mannewa a jikinsa, bai tsage ba, sai ɗan tabon zafi. Tunda an riga an buɗe, na canja ƙaramin boris na tsakiyar fulawil da sil ɗin bayan inji, kada gobe baƙin mai ya ɗigo ya lalata sabon faranti. Cikin kwalin har da ɗan sandan roba na saita faranti a tsakiya, aikin da kake yi da tsohon shaf da ido. Kowane noti kuma da adadin ƙarfin da za a ɗaure shi a rubuce. A nan kam ina ganin sun fi mu gaskiya, don notin fulawil ba abin ɗaurewa da ƙiyasi ba ne. Tsohon mai ma ba a zubarwa a kwata, wurin tara shara na hukuma ake kai shi.

Kada ka ce in turo motar. Sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Abin da zan aiko maka idan na samu mai zuwa shi ne sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin "ƙas" idan noti ya isa. Ka gaida Inna da kowa da kowa.