Gargaɗi ga masu shirin kiwon kifin teku a Abuja: akwai mai sayar da dutsen fenti da sunan dutse mai rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta wannan ne raina a ɓace, saboda kifaye huɗu sun mutu a hannuna cikin kwana biyar, kuma mutumin da ya jawo haka yana nan yana ci gaba da tallarsa a Instagram da WhatsApp.

Na shekara uku ina kiwon kifin ruwan daɗi a gidana a Kubwa. Bana na yi sha'awar komawa na ruwan gishiri, na haɗa tankin gilashi mai cin lita 200. Duk wanda na tambaya abu ɗaya yake faɗa mini: ka fara da dutse mai rai. Ga wanda bai san shi ba, dutsen kansa ba shi da rai. Ƙashin murjani ne (halittar teku da ake kira coral) da ya mutu tuntuni, mai ramuka kamar soso, wanda bakteriya masu amfani da ƙananan halittun teku suka mayar gida. Su ne matatar tankin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, bakteriyar nan su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. In babu su, kifi yana iyo ne a cikin gubar jikinsa.

Abuja kuwa ina mu ina teku, don haka da na ga mai talla yana cewa yana da shi a nan cikin gari, sabon zuwa daga Fiji, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, ban tsaya dogon tunani ba. Na nemi in je in gani, ya ce: "Maigida, shagon muna gyara, ka tura kuɗin kawai, yaro zai kawo maka har gida." Na tura na kilo 20. Washegari ɗan saƙo ya kawo kwali.

Tun a nan ya kamata in farga. Duwatsun a bushe suke ƙayau, an naɗe su da jarida. Dutse mai rai ba ya zama a bushe. Ko dai cikin ruwan gishiri ake kawo shi, ko a naɗe da abu mai jiƙe, don yana bushewa rayuwar da ke jikinsa ta tafi. Sannan nauyi. Na gaskiya ba shi da nauyi sosai idan aka kwatanta da girmansa, saboda ramukan cikinsa. Waɗannan kuwa kilo 20 ɗin ko rabin tankin bai cika ba. Launinsu shunayya ne mai kyau, ko'ina iri ɗaya, kuma wannan launin ne ya rufe mini ido. Gansakukar teku mai ƙarfi da ke ba dutsen gaskiya launin shunayya da ruwan hoda tana fitowa ne tabo-tabo, wani wuri ya yi duhu, wani ya yi haske, wani babu ma sam.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shawarar da ya ba ni. Na tambaye shi kwana nawa zan jira, ya ce: "Ranka ya daɗe, ai wannan a shirye yake, yau ma ka zuba kifi." Sabon tanki yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin ya zauna, ana gwada ruwa har sai amoniya da naitirait sun koma sifili. Ya san haka ko bai sani ba, kifayena ne suka biya. Gishirina daidai yake a 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, zafin ruwa digiri 25 na Celsius, na kwana ina lallaɓa inbata don kada famfo ya tsaya in an ɗauke wuta. A rana ta uku suka fara haki a saman ruwa.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zo ya duba mini. Ya ciro dutse ɗaya, ya kankare da wuƙa, fenti ya ɓare. Ya ce in kawo ruwan khal (vinegar), ya ɗiga a wurin. Shiru. Ya ce: "Ɗana, ƙashin murjani in ya ji khal kumfa yake yi. Wannan dutsen gini ne, irin wanda ake fasawa a Mpape." Guda uku ne kawai a cikin kwalin suka yi kumfa, su ma matattu ne, ba komai a jikinsu. Ku lura, khal yana nuna asalin dutsen ne kawai, ba ya nuna yana da rai. Don sanin yana da rai sai ka gan shi da idonka a cikin tanki mai ruwan gishiri da famfo yana aiki, ka kuma shinshina: lafiyayye ƙamshin teku yake yi, mai ruɓewa warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Shi ne kuma ya gaya mini cewa a ƙarshen 2017 gwamnatin Fiji ta sanar da hana fitar da irin wannan dutse daga tekunta, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, da takardar izini ake shigo da shi. Duk wanda ya ce muku nasa daga waje yake, ku ce ya nuna takarda.

Na aika wa mutumin hoton fentin, ya karanta, ya toshe ni. Bayan kwana biyu wani abokina ya ga hotunan nan nasa a wani shafi da sabon suna. Alamominsa ba su canza ba: ba ya yarda a zo wurinsa, ba ya kiran bidiyo, kullum saura kilo kaɗan ya rage, kuma sai an biya duka kafin a kawo.

Ni dai na zubar da ruwan, na wanke tankin, na sayi busasshen dutsen murjani wanda mai shi ya faɗa mini gaskiya cewa busasshe ne. Dattijon ya ba ni ɗan gutsure daga tankinsa don bakteriyar su yaɗu. Yau kwana 12, naitirait ta fara bayyana a gwaji, kuma babu kifin da zai shiga sai ta sauka.