Tayar gwanjo da sabuwar taya: abin da na gani a hanyar Kalgo

Ina zaune a Birnin Kebbi, ina koyarwa a Kalgo, kuma babur ɗina ƙirar Bajaj Boxer shi ne ƙafata safe da yamma. A watan Fabrairun 2024 tayar baya ta suɗe, aljihu kuma ba nauyi, sai na sayi ta gwanjo a kan kusan rabin kuɗin sabuwa. A ido ba ta da makusa, domin haƙoranta suna da zurfi, an kuma goge ta tana ƙyalli, har na riƙa yaba wa kaina cewa na iya ciniki.

Ba ta yi wata biyu ba ta fara nuna halinta. Da zafin Afrilu ya kankama, lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, sai na lura babur yana ɗan rawa idan na karya kwana, birkin baya kuma yana jan taya a ƙasa maimakon ya tsayar da ita. Na ɗauka iska ce ta ragu, na tsaya wurin wani dattijo mai faci a bakin hanya. Bai ko ɗauko geji ba. Ya durƙusa, ya tofa yawu a yatsa, ya goge ƙurar gefen tayar, ya ce, “Malam, matso ka karanta mini wannan lamba.” Na karanta masa 1417. Ya ce ai mako na 14 na shekarar 2017 aka ƙera ta, wato shekararta bakwai a duniya. Sa’an nan ya danna gefenta da babban yatsa, sai ga tsage-tsage ƙanana sun buɗe baki kamar kaushin dunduniya a lokacin hunturu. Na ce, “Baba, to haƙoran fa?” Ya yi dariya, ya ce roba idan ta tsufa bushewa take yi, kuma busasshiyar roba ba ta kama kwalta ko da haƙoranta sun kai na kada.

A nan na fahimci cewa idona abu ɗaya kawai ya saba dubawa. Zurfin zane yana da muhimmanci, kuma masu ƙera taya sukan sa ’yar alama a gefe, ko dai kusurwa uku ko haruffan TWI, wadda ke nuna inda wani ɗan tudu yake a cikin kwarin zanen. Ranar da tudun ya yi daidai da fuskar taya, aikinta ya ƙare. Amma shekaru, da tsagewa, da kumburin gefe, da yawan faci, kowannensu ya isa ya kashe taya tun zanenta bai taɓu ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayoyin gwanjo, mu ne dai muke jin abin kamar da masu mota kaɗai ake.

A ranar da dattijon ya duba mini tayar na ranci kuɗi na sayi sabuwa mai lambar girma 3.00-17, daidai da wadda babur ɗin ya zo da ita, tare da sabon tub, bayan na tabbatar cewa a farkon 2024 aka yi ta. Ta ratsa damina da ni, kuma a nan ne na fi yaba mata, domin ko ruwa ya kwanta a kan titi birki yana kamawa, a lakar hanyar ƙauyenmu ta wajen Bunza ma ba ta cika zamewa ba. Sau ɗaya tak ta yi faci, shi ma ƙusa ce.

Tana da nata aibu. Tana da ƙugi idan an yi gudu, kuma tsakiyarta ya riga gefe ci, ko da yake wannan ina ganin har da laifina, saboda miƙaƙƙiyar hanya nake bi kullum, ga buhun shinkafa da nakan ɗaura a baya lokaci-lokaci. Yanzu duk ranar Asabar nakan sa a auna mini iska da safe kafin tayar ta ɗau zafi, ta gaba kuwa na duba lambar shekararta na ga ita ma saura ƙiris, na fara ware mata kuɗi daga albashin watan nan.