Iyayen amare a yi hattara: baƙin ƙarfe ake sayar muku da sunan tagulla

Assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga iyaye mata da gwaggonni da duk wanda aka ɗora wa sayen kayan ɗaki. Akwai wasu masu talla a Instagram da WhatsApp da ke ɗora hotunan teburin tsakar falo, madubin bango, sandar labule da hannun ƙofa masu ruwan zinare, su ce tagulla ce zalla ko sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ɗan Turkiyya. Kuɗin tagulla suke karɓa, baƙin ƙarfe suke kawowa.

Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne. Za a nuna miki samfuri mai kyau, mai nauyi, wani lokaci ma na gaske ne. Sai a ce naki yana hanya, ki ba da kafin alƙalami, ragowar a cika kafin a ɗora wa mota. Daga nan sai jan rai. Yau kaya suna Legas, gobe direba ya samu matsala, har sai ana gobe jere ko ranar jeren kanta a sauke su a naɗe cikin leda da kwali. Da gangan ne. Sun san a ranar babu mai natsuwar duba ƙarfe, 'yan jere na ta guɗa, dangin ango na hanya. Kayan kuwa suna sheƙi, don fentin feshi ne ko siririn rufi da aka yi wa ƙarfen da lantarki. Sai damina ta faɗi, ɗaki ya yi laima, ko an goge da jiƙaƙƙen tsumma sau da yawa, sannan tsatsa ta fara ɓullowa ta wajen walda da gindin ƙafafu, ruwan zinaren ya riƙa ɓarewa. Lokacin an toshe lambarki, shafin ma ya sauya suna.

Gwajin ba shi da wuya. A tafi da maganaɗisu, ko na bayan tsohuwar sifika ne. Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da zinki, maganaɗisu ba ya kama ta. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado, magana ta ƙare. Amma rashin mannewa bai isa shaida ba, kuma nan ne masu wayon cikinsu ke cin mutane. Alminiyom ba ya kama maganaɗisu, haka ma haɗin zinkin da ake zuba yawancin hannun ƙofa da na durowa da shi. Alminiyom nauyi ke tona shi, don tagulla ta ninka shi kusan sau uku. Na zinki kuwa sai an ɗan karce wani ɓoyayyen wuri, ƙasan ƙafa ko ramin ƙusa. Tagullar gaske rawaya ce har ciki. In fari-fari ko ruwan toka ya leƙo, rufi ne kawai. Mai kayan da ya hana a karce inda ido ba ya gani, ya san abin da yake ɓoyewa.

Sitenles ya fi rikitarwa. Mai lamba 304 yana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyom da kashi 8 na nikel, shi ne mai jure laima. Mai lamba 201 an rage masa nikel, ya fi araha, ya fi saurin tabo, kuma a ido ba a bambanta su. Maganaɗisu ba ya raba gardamar, domin dukansu ba sa kama shi sosai. Abin yi shi ne a sa mai shago ya rubuta lambar a rasit da hannunsa. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Wani abin da ya kamata a sani, tagullar gaske tana dushewa in ta daɗe, ta yi duhu, a goge ta dawo sabuwa. Duk wadda ta gaji tasa ko buta irin ta maƙeran Bida, ko ta saba shiga Kasuwar Kurmi, ta san haka. Don haka wanda ya rantse miki tagullarsa ba ta taɓa sauya launi, ko dai an shafa mata wani rufi mai kare ta, ko kuma ba ita ba ce. Shi ƙarfe mai fenti ba laifi ba ne, a sayar da shi da sunansa da kuɗinsa, mai so ya saya.

Kada a tura cikon kuɗi sai an buɗe kayan an gwada su a gaban mai kawowa, kuma a sa ranar karɓa aƙalla mako biyu kafin jere. In sunan asusun banki ya saɓa da sunan shagon, a tambayi dalili. Wadda aka riga aka cuta ta adana hoton tallar, hirar da aka yi da shaidar tura kuɗi, ta kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ko irinta ta jiha in a Kano take. A tura wa 'yan uwa masu shirin biki.