Zaɓen allunan zamiya a kan dusar ƙanƙara (ski) marasa nauyi ga mace mai matsakaiciyar ƙwarewa

Idan har kin kai matakin da kike saukowa ta hanya mai alamar ja a tsaunukan Alps na Turai, ko mai alamar shuɗi a Amurka, wato hanyoyi masu matsakaiciyar wahala, gabanki bai faɗi ba, to allunan haya sun fara yi miki kaɗan. A nan ne mace take fara neman nata na kanta, irin wanda zai yi mata aiki a kan hanyar da injin ya daidaita da safe, ya kuma riƙe ta idan ta ratse gefe cikin dusar ƙanƙara mai laushi.

Kalmar da za ki fi ji a shago ita ce rashin nauyi. Gaskiya yana da daɗi. Allon da bai wuce kilo ɗaya da rabi ba yana da sauƙin ɗauka a kafaɗa daga wurin ajiye mota, yana juyawa da wuri, gwiwa ba ta gajiya. Amma ni abin da na koya da jikina shi ne, rashin nauyi yana da farashi. Allunana na farko na saye su ne don mai shago ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu na ji kamar kara. Da safe lafiya lau. Ƙarfe biyu na rana, bayan ɗaruruwan mutane sun tattake hanya ta zama tudu da kwari, sai bakin allon ya riƙa karkarwa yana kaɗawa, ina jin girgizar har cinya. Nauyi kaɗan shi ke shanye wannan girgiza.

Kafin sunan kamfani, duba lambar da ke jikin allon. Ita ce faɗin ƙugunsa da milimita, daidai ƙarƙashin takalmi. Daga 84 zuwa 94 nan ne gidanki. Idan inda kike zuwa ƙanƙarar tana daskarewa ta yi tauri, kamar jihar Vermont ta Amurka ko yawancin hanyoyin Ostiriya da injin ke feshe wa dusa, tsaya kusa da 88 ko ƙasa, domin siririn allo ya fi saurin kwantawa a kan kaifinsa. Idan kuwa jihar Utah ce ko Kolorado a Amurka, inda dusa ke sauka busasshiya mai laushi, ki haura zuwa 92 ko 94.

Guda uku nake yawan nuna wa 'yan'uwa mata.

Elan Ripstick 88 na mata, daga Suloveniya, shi ne mara nauyin gaske a cikinsu. Babu faifan ƙarfe a jikinsa, sai bututun kabon sirara da aka shimfiɗa cikin katakon kusa da gefuna. Yana da tsalle-tsalle, yana shiga kwana da ɗan motsin ƙafa. Akwai wani abu da ya bambanta shi: yana da na dama da na hagu, an rubuta a jiki, domin gefen ciki an yi shi don ya ciji ƙanƙara, na waje kuma an ɗan ɗaga shi don kada ya sarƙe. Mace mai ƙaramin jiki, ko wadda har yanzu take jan wutsiyar allo wajen juyawa, za ta ji daɗinsa tun ranar farko. Inda yake gazawa shi ne gudu sosai a kan daskararriyar hanya.

Blizzard Black Pearl 88, wanda ake ƙerawa a Ostiriya, shi na fi ba mutane shawara a kai, kuma shi ne a ƙafata yanzu. Katakon cikinsa gauraye ne, mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, mai laushi wajen baki da wutsiya. Abin da hakan ke nufi a kan tsauni shi ne yana yafe miki kuskure a farkon kwana, amma tsakiyar kwana yana riƙe ƙasa gam. Ya ɗan fi Ripstick nauyi, kuma wannan ɗan ƙarin shi ne abin da na rasa a allunana na farko. Ƙwarewarki ba za ta fi ƙarfinsa cikin hunturu biyu ba.

Nordica Santa Ana yana da faifan ƙarfe da ake kira titanal, wanda a zahiri gaurayen alminiyum ne. Ya fi sauran natsuwa a guje, amma yana son mai danna shi da ƙarfi. Idan kina da jiki da ƙarfin ƙafa, kina kuma son gudu, ki gwada shi. In ba haka ba zai gajiyar da ke kafin azahar.

Tsawon allo ya tsaya tsakanin haɓarki da goshinki. Mata da yawa suna ɗaukar gajere saboda tsoro, alhali waɗannan allunan bakinsu a ɗage yake, sashen da ke taɓa ƙasa bai kai tsawon da ido ke gani ba. Gajere sosai rawa yake yi da zarar kin ƙara gudu.

Maɗaurin da ke riƙe takalmi a jikin allo kuwa kada ki saita shi da kanki. Ma'aikacin shago zai tambayi nauyinki, tsawonki, shekarunki da tsawon tafin takalminki, sannan ya saita lambar DIN da za ta sa ya sake ki idan kin faɗi. Ki faɗa masa gaskiyar nauyinki, in ba haka ba gwiwarki ce cikin haɗari.

Shagunan da ke gindin tsauni da dama suna ba da sababbin alluna na gwaji na yini ɗaya, wasu ma suna cire kuɗin gwajin idan kin saya. Karɓi biyu, ki bi hanya ɗaya da kowanne, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan ƙarfe biyu lokacin da hanya ta lalace. Idan za ki iya haƙuri zuwa Maris ko Afrilu, a lokacin ne shaguna ke karya farashin kayan da suka rage.