Ƙaramin keken ɗinki mai batir: abin da na gani bayan wata huɗu

Ba buƙata ce ta sa na sayi keken nan ba, kwaɗayin ido ne. Bidiyonsa na riƙa cin karo da shi a Facebook, wata mata ta ɗora shi a kan teburi tana kalmashe bakin mayafi kamar wasa. Ni kuwa babban keken Butterfly ɗin da na gada wurin Inna yana can ƙuryar ɗakin ajiya tun da muka tare a Mabera, duk ranar da za a fito da shi sai an nemo samari biyu majiya ƙarfi. A tsakiyar Nuwamba na tura wa wata mai sayar da kaya ta WhatsApp kuɗi, waɗanda ba su kai na turmin atamfa mai kyau ba, bayan kwana uku direba ya kira ni daga tasha. Yanzu muna cikin Maris. Na ba shi aikin dabbobi, na ba shi aikin lambu, na ga inda yake da kirki da inda yake ba da kunya.

Da na buɗe kwalin, maigidan ya leƙo, ya ɗaga shi da yatsu uku, ya ce, "Wanga ai abin wasan yara na." Ban tanka ba, don a raina ni ma abin da na ce ke nan. Farar roba ce gaba ɗaya, tsayinsa bai wuce na butar shayi ba. Yana cin batir huɗu irin na agogon bango, ko a jona shi da wuta ta wayar da ya zo da ita. Gudunsa biyu, na a hankali da na sauri, akwai 'yar feda ta takawa, akwai fitila wadda haskenta bai fi na ƙwayar ashana ba. Zare biyu yake ɗinki da shi, na sama da na kwarkwaro, kamar babban keke, kuma wannan ne ya bambanta shi da wancan na riƙewa a hannu wanda ɗinkinsa ke warwarewa da an ja bakin zare. Sai dai layi ɗaya kawai ya iya, miƙaƙƙe, kuma ba ya komawa baya. Duk wadda ta taɓa ɗinki ta san ma'anar haka: babu yadda za ki ƙulle ƙarshen ɗinki sai dai ki bar allura a ciki, ki juya yadin ki sake bi ta kai, ko ki ɗaure zaren da hannu.

Ranar farko zare ya yi ta cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu. Na kusa mayar da shi kwali. Ashe abu biyu ne. Zaren sama ban zura shi sosai a tsakanin faifan da ke matse shi ba, sannan zaren da ya zo da shi na banza ne, da hannu ma tsinkewa yake. Na zubar, na sa irin wanda teloli ke saya a Tsohuwar Kasuwa, na canza allura zuwa lamba 14 ta babban keke, wadda ta shiga daidai. Daga nan muka fara fahimtar juna.

Aikinsa na farko na gaske ya zo ne a ƙarshen Disamba, tsakiyar ɗari. Jar akuyarmu ta haifi biyu da asuba, ta karɓi ɗaya ta ƙi ɗaya. Ɗan da ta ƙi muka riƙa riƙe uwar yana tsotsa, daga baya muka koma ba shi a kwalba, amma da dare sai ka same shi ya dunƙule yana kyarma. Wanda bai san Sakkwato ba sai a bakin masu labarin zafi ba zai yarda da irin sanyin da ke sauka a nan kafin kiran assalatu ba. Ɗan akuya kuwa sabon haihuwa, in ba ya kwana jikin uwa, sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi. Na ɗauko kwarashi da ragowar zaren ulu na hular autata, a dare biyu na saƙa masa 'yar riga mai rufe baya da ƙirji. Cikin na bar shi a buɗe, don namiji ne, in aka rufe wurin fitsarinsa ne zai jiƙa rigar, jiƙaƙƙiyar riga kuma gara babu.

Gwaggo maƙwabciyarmu da ta shigo ta gan shi sai da ta dafa bango don dariya. "Ke ɗiyar nan, mi za ni gani? Akuya da riga?" Na ce mata, Gwaggo, akuyar da kakanninta aka riƙa ɗaukar fatarsu a raƙumi ana ƙetare Sahara, har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce, ai jikanta ya ci a yi masa riga.

Inda keken ya shigo shi ne wajen shafi. Saƙa tana da ramuka, iskar hunturu tana ratsa ta, ga ƙaiƙayi da karmami suna maƙalewa. Na yanka tsohuwar rigar barci mai laushi, na ɗinka shafin a keken, ya fito tsaf cikin 'yan mintoci. Da na zo haɗa shafin da saƙar, nan ya nuna mini iyakarsa. Haƙoran da ke jan yadi suka kama zaren ulu suka yi ta tauna, allura tana hawa da sauka wuri ɗaya, motar tana kuka. Sau uku ina gwadawa, har na shimfiɗa takarda a ƙasa kamar yadda ake yi wa yadi mai santsi, bai yi ba. Da hannu na haɗa. In saƙa ce sana'arki, kina neman abin da zai riƙa haɗa miki hannun rigar sanyi da jikinta, ki wuce wannan.

Wani abu da na lura da shi a gefe: abin da muke kira ulu a kasuwa yawanci ba gashin tumaki ba ne, roba ce. Ki ƙyasta ashana ki taɓa bakin zaren. Na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana marmashewa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Nawa ya narke. Shi ya sa na hana yara kai ɗan akuyar kusa da kaskon garwashi da rigar a jikinsa. Sati uku ya yi da ita, ya yi ƙarfi, muka cire. Yanzu shi ne babban ɓarawon lambuna.

Mussarmu, wato kyanwa ga mutanen Kano, ita ma autata ta matsa sai an yi mata riga. Na saƙa, aka sa mata, ta kwanta a gefe ɗaya kamar an ɗaure ta, da aka sake ta kuma ta shige ƙarƙashin gado har magariba. Ba ta buƙata, gashinta ya ishe ta. Abin da ta karɓa hannu biyu shi ne 'yar katifar da na ɗinka mata da ragowar atamfa, na cusa ƙyallaye a ciki. A nan keken ya burge ni. Atamfa ninki biyu yana tafiya da ita sumul, ɗinkin ya yi kyau ciki da waje, an wanke katifar ya fi sau biyar ba ta farke ba. Sai dai a kusurwa, inda ninki ya zama huɗu, sai na bar feda na juya da hannu. Kuma da yake ba shi da nauyi, yawo yake a kan teburi, hannu ɗaya yana riƙe da keke, ɗaya yana tura yadi. Daga baya na shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, ya natsu.

Ɗan Gwaggo da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya shigo wata rana ya tarar mussar tana wasa da ƙullin zare. Ya karɓe, ya ce, "Anti, ki riƙa ɓoye wannan." Harshen kyanwa yana da ƙaya-ƙaya masu kallon maƙogwaro, in ta fara haɗiye zare ba ta iya tofarwa. Zaren yana iya maƙalewa a gindin harshe, sauran ya bi hanji ya tattare shi, har ya yanka. In aka ga bakin zare yana leƙowa ta baki ko ta baya, kada a ja, asibiti za a kai ta. Shekara nawa ina saƙa da kyanwa a gida, ban taɓa sani ba. Yanzu zare da allura a gwangwani mai murfi suke kwana.

Aikin da ya fi yi mini yawa shi ne na lambu, kuma shi ne ya kusa kashe shi. Lambun nawa ba wani abu ba ne, buhuna ne da tsofaffin bokitai jere a bayan ɗaki. A farkon Nuwamba na samo dashen tumatir da tattasai wurin masu lambun fadamar Kwalkwalawa, na yafa latas da alayyafo. Mun ci mun ƙoshi a Janairu da Fabrairu. Amma da zarar Maris ya kama, hazo ya ja baya, zafi ya doshi digiri 40, lambun gida ya san zamaninsa ya wuce. Furen tumatir yana bushewa ya zube bai ƙulla ɗa ba, don zafi yana lalata garin furen. Latas ya miƙe sama ya fitar da kara, ganyen ya yi ɗaci. A da sai in yi ta zuba ruwa safe da yamma ina jan rai. Bana ban yi ba. Na tsinke duk tumatirin da ya rage, nunannun na yanka na shanya suka zama kauɗa, ɗanyun na jera a inuwa suka nuna a hankali. Na tuge sauran, na bar tushe biyu-biyu na kowane iri don su yi mini iri.

'Ya'yan latas suna da farin gashi kamar na rimi, in suka bushe iska ce ke kwashe su. Sai na ɗinka 'yan jakunkuna da tsohon labule mai raga, na sa musu zariya, na ɗaura a kan furen, duk abin da ya zubo yana ciki. Da farko tsohon gidan sauro na so yankawa, sai na tuna da magani ake jiƙa shi, wani irin maganin ma guba ne ga kyanwa, balle a kan abin da za a ci. Labulen ya yi aiki, keken kuma ya ɗinka shi ba gardama. Na sake yin wasu jakunkunan da farin yadi, guda goma sha biyu a yammaci ɗaya, na rubuta suna a jikin kowace da biro. Iri ya fi son yadi ko takarda a kan leda, don in da sauran laima a jikinsa, a leda fumfuna yake yi. Na tumatir sai da na matse shi a kofi na bar shi kwana uku ya yi kumfa, yauƙin da ke lulluɓe da 'ya'yan ya saki, na wanke na shanya a inuwa. Daga dashen Kwalkwalawa na ɗiba, irin da suke kira UTC. Wanda na saya a fakiti mai alamar F1 ban ajiye ba, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu. Alayyafo ba wahala, a karkaɗe kan a faranti, a sheƙe. Kowace jaka na barbaɗa mata 'yar toka, kamar yadda Inna ke yi wa wake.

Da na ga jakunkuna sun tafi daidai, sai na yi zari. Ina so in haɗa buhunan shinkafa huɗu in yi rumfa a kan guro, wato kuɓewa, da alayyafon da zan shuka na bazara, tun da su suna jure zafi in akwai ruwa da 'yar inuwa. Buhu ninki biyu na tura masa. Bai yi taku goma ba allura ta karye, kan ya yi tsalle ya wuce ta gefen idona. Na sa wata, na sake gwadawa, wannan karon laifina ne. Wani abu ya yi ƙas a ciki, tun daga ranar gudun sauri ya koma ƙara kamar injin markaɗe, sai na a hankali nake amfani da shi. Na kai wa mai gyaran keke, ya buɗe, ya nuna mini haƙoran da ke juya shi, duk roba, ɗaya ya ɗan cinye. Ya ce, "Hajiya, wannan ba a gyara shi, lallaɓa shi ake yi." Bai karɓi ko sisi ba.

Batun batir ma kada a ruɗe ki. Yana aiki da shi, gaskiya ne, kuma ya fisshe ni a daren da babu wuta. Amma sababbin batir ba sa daɗewa ƙarfinsu ke raguwa, ɗinki ya fara tsallake. Da wuta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

To wa zan ce ya saya? Wadda ke son kalmasa, facin kayan makaranta, jakunkuna, katifar kyanwa, duk abin da bai wuce yadi mara kauri ninki biyu zuwa uku ba, za ta mori kuɗinta. Yarinya mai son koyo ma ya dace da ita, in da babba a kusa, don allurarsa ta gaske ce. Mai shirin karɓar ɗinkin mutane, ko mai shadda da jins da buhu, ta ƙara haƙuri ta tara na babba. Ni da a ce yau ne, da wanda ke komawa baya zan nema, ko da ya fi tsada.

Rumfar dai an yi ta. Maigidan ne ya zauna a tabarma ranar Asabar da basilla da igiyar buhu ya haɗa ta, yana yi yana tambayata ina abin wasan yaran nawa. Guro ya tsiro, ganye huɗu-huɗu. Jakunkunan iri suna rataye a ƙusa a ɗakin ajiya, daidai saman Butterfly ɗin Inna, wanda na riga na yi wa samarin Gwaggo magana su zo su fito mini da shi bayan sallar Juma'a.