Attaruhu ko tattasai a bayan ɗaki, in ruwan na rijiya ne

Wata 'yar uwa daga ƙauyukan Gumel ta tambaya a zauren nan: tana da ɗan fili a bayan ɗaki, taku shida da taku huɗu, ƙasar rairayi ce, ruwa kuma sai an jawo da guga. Attaruhu za ta shuka ko tattasai?

Hajiya, in cefane kike son ragewa, attaruhu za ki sa a gaba. Tukunyar miya ɗaya takan cinye tattasai biyar ko shida, amma attaruhu biyu ko uku sun wadatar. Gindin tattasai kuma 'ya'ya kaɗan yake yi, manya, a tsinka 'yan lokuta ya gaji. Shi kuwa attaruhu yana ta zuba ƙanana, kuma in ya samu kula yakan haura shekara a tsaye. Gindi goma sun riƙe gida. Tattasai sai kin cika filin kafin ki ga amfaninsa, kuma a nan lissafin ruwa ke shigowa: a rairayi, lokacin zafi, kowane gindi na neman kamar lita biyu a rana. Gindi goma jarka guda ke nan. Gindi arba'in kuwa, ki tambayi hannunki da igiyar guga. Masu noman tattasai a Kadawa da Kura ruwan dam ɗin Tiga ke biyo musu kwata har bakin fangali, ba irin lissafinki suke yi ba.

Tun daga reno halinsu ya bambanta. Irin tattasai kan tsiro cikin kwana 7 zuwa 12, ya isa dashe a sati biyar ko shida. Attaruhu nawa gare shi, sai ya yi sati biyu har uku kafin ya leƙo, dashe kuma sai sati bakwai ko takwas. In aka zuba irinsa a tsakiyar hunturu, sanyin dare kan riƙe shi, mai shi ya zaci ya mutu ya yi ta kwarara ruwa har ya ruɓe. Ki yi reno a Satumba, ki dasa a farkon Nuwamba da yamma. Kada zurfin iri ya wuce rabin gaɓar yatsa. Tsakanin gindi da gindi, tattasai santimita 45, attaruhu 60 zuwa 70, don yana buɗe rassa.

Taki ɗaya suke ci. Kashin awaki da ya ruɓe sosai, kwano guda a kowane rami, shi ne zai riƙe miki laima a rairayi. Sati biyu bayan dashe ki sa takin zamani NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, nesa da gindi da kamar yatsa huɗu, ki maimaita in fure ya fara. Yawan yuriya ganye yake tarawa, 'ya'ya su ƙi.

Tattasai ya fi raki. Ranar da aka ba shi ruwa da yawa, aka tsallake kwana biyu, sai ki ga ƙasan ɗan ya yi baƙi ya lotsa. Ba ƙwaro ba ne, feshi ba ya maganinsa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba saboda ruwan ba ya zuwa a kan kari. Rana ma takan ƙona masa gefe ya yi fari kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Attaruhu bai cika yin waɗannan ba. Abin da ya haɗa su shi ne bazara: da zafi ya haura digiri 35, fure sai ya riƙa kaɗewa. Tattasan da aka dasa a Nuwamba ya gama aikinsa kafin nan. Attaruhu kuwa a Maris da Afrilu sai kin kafa masa zana ta yamma, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi. Ko ya tsaya da haihuwa kada ki tuge shi, ki rage masa rassa, da ruwan sama ya sauka zai sake tohowa. Ki dai tara masa ƙasa a gindi, don ba ya son kwanciyar ruwa.

In ganye ya fara nannaɗewa, ki juya bayansa, za ki tarar da farin ƙuda ko darɓa. Ki daka 'ya'yan darbejiya rabin kilo, ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ki tace, ki ɗan sa sabulu, ki fesa da yamma duk sati. Gindin da ya riga ya ƙanƙance ya tsumbure, cire shi ki ƙona. Kada kuma ki dasa inda aka cire tumatir ko kuɓewa, rairayi na ajiye tsutsar da ke ƙulla saiwa.

Inda tattasai ya yi wa attaruhu fintinkau shi ne shanya. Yana bushewa lafiya a tabarma ya kai ki damina, attaruhu kuwa sai an tsaga shi, in ba haka ba ya yi funfuna. In kina son jan miya, ki sa tattasai shida a buhunan siminti da aka wanke aka huda ƙasansu, ki jera su inda inuwar katanga ke faɗawa bayan azahar.